Ruwan da Manzo Ya Baro a Gaya

Manzo, uban kakata Fati, bai taɓa yarda cewa hadari ya fi shi sanin hanya ba. Wannan ce matsalarsa tun yana da ƙarfi har ya tsufa. Ita ce kuma matsalar matarsa Dijatu, wadda ta zauna da shi har ƙarshe tana tsaki.

An haife shi a wani ɗan ƙauye na Kurfai, gabas da Filinge, inda kwari yake ƙarewa tudun rairayi ya fara. Ƙasa ce da damana take zuwa mata kamar baƙuwa mai kunya. Ta makara, ta tsaya bakin ƙofa, ta ɗan zauna, ta tashi tun ba a gama gaisawa ba. Sauran shekara na rana ne. Mutanen wurin sun san haka, sun gina rayuwarsu a kan haka, kuma da Manzo ya zauna gida da ya zama manomi kamar kowa, ya yi ta duban gabas yana shiru.

Abin da ya raba shi da sa'o'insa takarkari ne, wani jan sa mai gajeren ƙaho da ya raina tun yana maraƙi, ya sa masa suna Jatau. Da shi yake kai hatsi da kanwa kasuwannin kusa. Ana cewa yakan yi wa san nan hira a hanya fiye da yadda yake yi wa mutane, kuma Dijatu ba ta taɓa musun wannan ba.

Da Nasara suka zauna a Filinge, suka mai da garin zango a kan doguwar hanyarsu ta zuwa Tawa da Damagaram, sai suka shiga neman duk abin da yake da bayan ɗaukar kaya: raƙumi, jaki, sa, mutum. Wata safiya gardi, wato dogarin Nasara, ya shigo ƙauyen ya nuna Jatau da bulala. Mai sa yana da zaɓi, ya zauna gida ko ya bi dabbarsa, amma wanda ya zauna ba kasafai yake sake ganin ko igiyar ba. Manzo ya ɗauki gora da sanda ya bi. Daga ranar ya zama mutumin ayari. Shekara bayan shekara, da an gama girbi gardi zai zo, shi da Jatau su tafi da akwatunan kumandan, Baturen mulki, wani lokaci gabas, wani lokaci arewa, wani lokaci kudu har bakin Kwara.

Sauran 'yan ayari sukan dawo da labarin ganuwar Damagaram da kasuwanni da matan garuruwa. Manzo da labarin sama yake dawowa. Ya ga Damargu, inda hatsi ke nuna da ruwan da a Kurfai ba zai ishi ciyawa ba. Ya kai Agadas da ɗari, inda ya tashi da safe ya tarar ruwan salka ya daskare, ya kuma ji mutanen dutse suna cewa kwarinsu yakan cika da ambaliya a ranar da ko ɗigo bai sauka kansu ba, don can nesa aka yi ruwan. Ya ji labarin garuruwan gishiri da yaro zai yi wayo bai ga an yi ruwan kirki ba. Can kudu kuma, a Gaya ta ƙasar Dandi, ya ga giginya da kaɗanya, ya ga ciyawa ta shanye mutum a tsaye, ya ga damana ta zauna ta miƙe ƙafa kamar gidan ubanta. Duk wannan a ƙasa guda, in ji Nasara, ƙarƙashin tuta guda. Abin ya tsaya masa a rai. Ya kasa gane yadda za a ce wuri ɗaya ne, alhali a rana ɗaya wani yana shuka, wani yana haƙon rijiya, wani yana rawar ɗari.

Sai ya fara tunani, kuma daga nan wahalar gidan ta fara.

Ba a iya gaishe shi a huta. Ka ce masa ina gajiya, ya ce maka yanzu haka a Gaya kwaɗi na kuka. Taubashinsa Magagi, ɗan ƙanwar ubansa, wanda al'ada ta ba shi damar faɗa masa duk abin da ya ga dama, ya sa masa suna Sarkin Hadari. Manzo bai ji haushi ba. Ya ɗauka yabo ne.

Shekarar da ake ba da labarinta a gidanmu, damanar da ta gabace ta ta yi rowa, fara kuma ta sauka kan abin da ya saura. Abin da aka kai rumbu bai kai a kira shi girbi ba. Duk da haka Dijatu ta yi abin da ake yi kowace kaka. Ta bi dammuna ta zaɓo zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ta ɗaure su daban, aka aza can saman rumbu. Wannan shi ne iri. Ba a dakansa, ba a bayar da shi, ba a ko kallonsa da yunwa a ido. A shekara mai kyau irin yakan isa a shuka, in ya mutu a sake. A wannan shekarar shuka ɗaya zai yi, ba ƙari.

Gardi ya zo ya tafi da Manzo da Jatau kudu. Dijatu ta ci ranin nan ita kaɗai da Fati a goye. Hatsin ci ya ƙare tun ɗari bai gama fita ba. Ta shiga daji tana roron anza, ta jiƙa, ta zubar da ruwan, ta sake jiƙawa, har ɗacin ya ragu ya zama abin da ciki zai karɓa. Ta sussuke ƙarangiya har tafin hannunta ya zama kamar bayan bushiya. Kullum takan wuce gindin rumbun nan da dammen iri a samansa, ta kau da kai. Kakata ta ce uwarta ta gaya mata akwai ranar da ta hau tsani ta buɗe, ta shaƙi ƙamshin hatsin kawai, ta rufe ta sauko.

Manzo ya dawo tsakiyar bazara, lokacin da rana take tsaye kan mutum kamar da gangan, kaji suna buɗe baki a inuwa. Ya shigo da azahar, ya rame, Jatau ya rame, amma idonsa na ƙyalli.

"Sannu da hanya, maigida," in ji Dijatu. "Ka rame."

"Ke ma kin rame. Dije, irin nan shina nan?"

"Ko zama ba ka yi ba."

"Shina nan?"

"Ina za shi? Ƙahwa gare shi?"

Ya zauna, ya karɓi ƙwaryar da ta miƙa masa, ya leƙa ciki ya ga abin da suke ci, ya dubi wuyan Fati. Sannan ya kwance wani ɗan ƙulli daga mangala ya shimfiɗa a gabanta. 'Yan tsiron hatsi ne, sun yi yaushi, da busasshen laka a saiwarsu.

"Daga Gaya," ya ce. "Da hannuna na tumɓuke su. Muna sabke kaya hadari yat taso, anka yi ruwa har jakkai na nutsewa. Kahin mu juyo hatsi ya hito. Munka kamo hanya, munka baro shi baya. Muna kusa da Doso sai ga shi ya cim muna. Munka sake wuce shi. Dije, na auna shi. Tahiya shikai, kamar kowa. Daga kudu shika tasowa shi yo arewa, zango zango. Tahiyatai ba ta kai ta Jatau ba, amma kaɗan ta rage. Yanzu haka shina bayana. Gobe mu yi bizne."

Bizne shi ne binne, wato a zuba iri cikin busasshen rairayi a rufe, ya kwanta yana jiran ruwan farko. Ba sabon abu ba ne a Kurfai. Kowa yana yi, amma sai damana ta matso sosai, kuma da ɗan abin da mutum zai iya asara ake yi, a wani gefen tudu, a riƙe sauran. Hatsarinsa kowa ya sani. Idan ruwa mai ƙarfi ya zo, mai binne ya riga kowa. Idan yayyafi ne ya zo ya tsaya, zai tayar da irin daga barci ya bar shi da rana.

"Da nawa za mu yi?" in ji Dijatu.

"Duka."

Ta ajiye muciyar da ke hannunta a hankali.

"Maigida, ruwa sa na, da za ka aza mishi akumari? Ka taɓa ganin shi da igiya ga hanci?"

"Na gan shi da idona."

"Ka gan shi Gaya. Nan Kurfai ta. Hita ka dubi gawon ƙohwar gida, ko ganye guda bai kaɗe ba. Shamuwa ba ta zo ba. Iska har yau daga gabas taka busowa da sahe."

"Gawo bai taɓa zuwa Gaya ba," in ji Manzo.

Wannan amsar ta zauna a gidanmu har yau, kuma ban taɓa jin an maimaita ta ba tare da tsaki ba.

Magagi ya ji labarin dawowarsa ya leƙo, yana tafe yana kirari.

"A'a, Sarkin Hadari ya sabka! Ina tsarabarmu? Ka ɗauro muna ruwan ga mangala, ko ka baro shi wurin kumandan shi sa hannu?"

"Kai dai yi ta dariya. Ina cin tumu kana cin anza."

"Ni da anza mun saba, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Sai ya ga fuskar Dijatu, ya rage murya. "Taubashi, in bizne kaka so, yi da ɗan kaɗan kamar mutane. Matar ga ta ci wuya kan irin ga."

"Don ta ci wuya nika son ta riga kowa girbi. Kana ganin ɗiyar ga za ta kai kaka in munka jira?"

A nan ne abin ya fi ban haushi, domin ba wauta ce zalla ba. Manzo ya ga gaskiya. Damana daga kudu take hawowa, kuma ba kowa a ƙauyen ya taɓa tsayawa ya yi tunanin haka ba. Kuma tausayi ne ya tura shi. Kuskurensa na mai takarkari ne. Duk abin da ya taɓa gani yana tafiya a hanya, ya san in ya tashi zango kaza zai kwana zango kaza, don akwai mai sanda a bayansa. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa akwai matafiyin da zai zo rabin hanya ya zauna wata guda, ya koma baya, ya tsallake gari ya sauka a na gaba, ba mai tambayarsa.

Da magariba aka ga walƙiya can ƙasan kudu, nesa, ba ƙara. Manzo ya nuna ta da haɓa. Da safe ya hau tsani da kansa ya sauko da dammen. Rumbu na maigida ne, ba wanda zai hana shi. Dijatu ta sussuke, ta sheƙe, hannunta na aiki bakinta na aiki. Ta ce da ta san haka za a yi da ta daka shi tun rani ta yi wa 'yarta fura. Ta ce ita ta tsare shi daga ɓera da gara da cikinta, ashe wanda ya kamata ta tsare shi daga gare shi yana can Gaya yana auna sama. Manzo yana gefe yana gyara ƙotar sungumi kamar da wani ake.

Shuka aikin mutum biyu ne. Namiji yana gaba da sungumi, yana sara hagu yana takawa, mace tana biye da ƙwarya, ta tsunkuli iri ta jefa a ramin ta rufe da diddige. Dijatu ta bi shi, don ta san in ta ƙi zai yi shi kaɗai ya ɓarnatar da rabi. Ta yi dabarar rage tsunkule ko wani abu zai saura a gindin ƙwarya. Ya waiwayo ya gani.

"Cika hannu, Dije. Ba gishiri kika sa ma miya ba."

Rairayin yana ƙona ƙafa. Mutane suna wucewa ta bakin gonar su tsaya, su yi sannu da aiki da irin muryar da ake gaida marar lafiya. Abin da ya saura a ƙwarya a ƙarshe, Manzo ya karɓa ya kai can gefen gona inda ba a taɓa shukawa ba, ya binne shi ma.

Aka yi kwanaki ba komai. Sai wata la'asar sama ta yi duhu, iska ta juya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso tun kafin ɗigon farko, ƙamshin nan da ke sa tsoho ya tashi zaune. Aka yi ruwa. Manzo ya fita tsakar gida ba riga, yana kiran sunan Magagi ta saman danga. Kafin Magagi ya amsa, ruwan ya ɗauke.

Dijatu ta tafi gona ta durƙusa ta tura yatsa cikin rairayi. Laima ta tsaya a gaɓar yatsa. Ƙarƙashinta ƙasa bushe take, da ɗumi, kamar tokar jiya. Ta dawo ba ta yi magana ba, kuma Manzo ya fi tsoron wannan shirun da duk faɗan da ta yi.

"Na gaba na tahe," ya ce. "Wanga ɗan jagora na."

Irin ya yarda da shi. Ya tsiro, duka, kowane rami, layi layi har gefen da ba a taɓa shukawa ba. Kakata ba ta da wayo a lokacin, amma ta ce uwarta takan ce ba ta taɓa ganin gona mai kyau kamar wannan ba, koren allurai a kan farin rairayi, ita kaɗai a duk ƙasar, kamar an yi wa tudun kitso. Mutane suka zo kallo. Har Magagi ya koma gida ya dubi nasa rumbun yana shakka.

Sannan iska ta koma gabas. Sama ta wanke tas. Rana ta fito da safe ta yi aikinta, ta sake fitowa ta yi. Tsiron ya naɗe ganye da hantsi ya buɗe da yamma, sannan ya daina buɗewa. Iska mai zafi ta kwaso rairayi ta yi ta yankansa a gindi. Manzo ya ɗauki tulu ya fara ɗibar ruwan rijiya yana bin layi yana zubawa da ludayi, gonar da mutum zai yi tafiya a cikinta har ya gaji. Dijatu ta bar shi ya yi yini guda, sannan ta je ta karɓe tulun, ta ce rijiyar ta gari ce, kuma mutane sun fara magana.

Gonar ta koma fara. Ruwan da ya baro a bayansa yana can inda yake, wajen Doso ko wani wurin, yana zaune abinsa.

Yanzu ba iri, kuma damana ta gaskiya tana matsowa. Gawo ya fara zubar da ganye. Shamuwa ta sauka kan tsamiya. Manzo ya bi gida gida. Kowa ya yi masa jaje, kowa ya rantse nasa shuka ɗaya zai yi, kuma ba ƙarya suke ba. Magagi ya kawo cikin ludayi guda ya miƙa wa Dijatu, ba Manzo ba.

"Ki ɓoye shi inda Sarkin Hadari bai sani ba," ya ce. Ba wanda ya yi dariya, har shi.

A kasuwar Filinge akwai hatsi kaɗan, amma tsohon hatsin rami ne da ba mai tabbacin zai tsiro, kuma gidan ba abin da zai bayar a karɓo shi. Manzo ya zauna gindin rumbu yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ɗago.

"Dije, kudu sun gama shuka, ba su da saura. Nan kowa na riƙe da nashi. Amma arewa ruwa bai kai ba tukuna, sai ya wuce mu. Mutanen Sanam irinsu na nan rataye. Kuma su biyu suka ajewa, don ruwa ya hi yi musu ƙarya. Hatsinsu gajere na, amma shina da sauri."

"Ka koma auna sama ke nan."

"Wanga karon ba sama nika aunawa ba. Na kwana rijiyassu, na ga rumbunansu."

"Da mi za ka karɓo shi? Da labarin Gaya?"

Ya tashi ya aza wa Jatau akumari ba kaya, suka fita.

A Sanam ya sauka wajen wani manomi, Albarka, wanda ya taɓa shayar da ayarinsu a rijiya. Albarka ya ji labarin duka bai katse shi ba, sai da aka zo wajen auna tafiyar ruwa da ta sa, ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, kafaɗunsa na motsi.

"Baƙona," ya ce, "iri ina da na biyu, gaskiya ta. Amma na biyun nan shi na barcina. In na ba ka, ni ma na zama mai shuka guda. Mi za ka bar mini in riƙa dubawa in ji sanyi?"

Yana magana idonsa na kan Jatau.

Manzo ya ce zai dawo da kaka ya yi masa aikin girbi. Albarka ya ce yana da hannuwa. Ya ce zai bar masa akumari da mangala da bargonsa na Damagaram. Albarka ya ce bargo ba ya jan guga. Jatau yana tsaye yana tuƙa, yana kore ƙuda da wutsiya, shi da ya taka duwatsun Agadas ya sha ruwan Kwara.

Manzo ya tashi ya je ya tsaya jikinsa. Ya sosa masa gindin ƙaho inda yake so. Ya ce wa Albarka kada a ɗora masa kaya a gefen hagu fiye da dama, akwai tsohon miki, kuma ba ya son a yi masa tsawa, magana ake yi masa. Sannan ya miƙa igiyar. Aka sussuke irin aka ɗure a jakar fata, ya aza a ka ya juyo da ƙafa.

Yana tsakiyar hanya damana ta faɗi. Hadarin bai zo daga kudu ba. Daga gabas ya taso, baƙi ƙirin, kamar yadda ya saba tasowa tun kafin a haifi Manzo. Ya rasa wurin fakewa sai gindin wata sabara. Ya tuɓe riga ya naɗe jakar, ya kwanta a kanta ruf da ciki, ruwan da ya yi ta jira ya yi ta dukan bayansa har ya gaji.

Ya iso gida ya tarar kowa ya gama shuka, saman ƙasa ya fara bushewa. Dijatu tana tsakar gida. Ta dube shi, ta dubi bayansa, ta sake duban bayansa.

"Ina Jatau?"

Ya sauke jakar daga kansa ya ajiye a gabanta.

Ta kwance, ta tura hannu ciki, ta ɗebo ta duba a tafinta. Ƙwayar ƙarama ce, bushe take, ko ɗaya ba ta jiƙe ba. Ta daɗe tana kallo. Manzo ya ce in suka yi sauri yau ɗin nan, da sauran laima, domin a lissafinsa ruwa na biyu...

"Maigida," ta ce, "don girman Allah."

Ta ɗauki jakar ta shiga ɗakinta, ta juye irin cikin tukunya, ta rufe, ta zauna a kai. Ba a yi shuka ranar ba, ba a yi washegari ba. Manzo ya yi ta kai da kawo tsakanin ƙofar gida da ƙofar ɗaki kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sai da aka sake yin ruwa mai ƙarfi, ta je gona ta tona har hannunta ya nutse zuwa wuyan hannu cikin laima, sannan ta dawo ta ce masa ya ɗauko sungumi.

Sun zama na ƙarshe a ƙauyen, su da suka so riga kowa. Hatsin Sanam ya fito gajere, zangarniyarsa ba ta kai rabin ta maƙwabta ba, Magagi ya ce taubashinsa ya ba da sa ya karɓo wutsiyar ɓera. Amma ya yi sauri kamar yadda Manzo ya faɗa, ya nuna tare da na kowa. Bai cika rumbu ba. Ya dai kai su wata damanar, Fati ta rayu ta yi ƙiba, har ta tsufa ta ba ni wannan labari. Da kaka Dijatu ta zaɓi iri daga cikinsa, kuma bai sake hawa saman rumbu ba. Tukunyar ɗakinta ya koma, da toka a kai, an liƙe bakin da laka. A duk ƙauyen gidan Manzo ne kaɗai inda sai mace ta ce a yi shuka ake yi.

Da gardi ya zo bayan girbi, ya tarar da turke ba sa, ya wuce gida na gaba. Dijatu ta ce wannan ce kaɗai ribar da ta gani a duk al'amarin. Manzo bai sake tafiya mai nisa ba. Bai sake mallakar takarkari ba, ko da ya sami hali, kuma duk wanda ya fito daga wajen Sanam sai ya tare shi ya tambaye shi ko ya ga wani jan sa mai gajeren ƙaho a bakin rijiya.

Kada a ɗauka ya daddara. Ya rayu ya ga jikoki, yana zaune gindin gawon nan, kuma kowace bazara, da zafi ya kai inda ya kai, sai ya ɗaga hanci ya sanar da duk mai wucewa inda ruwa yake a yau. Ya ce kuskurensa ɗaya ne, ya auna da sa, alhali da ya auna da tsohuwar jaka mai ciki da ya dace. Ya gwada wannan lissafin shekaru da dama, da baki kawai, bai taɓa dacewa ba, kuma kowace shekara yana da dalili.

A bazararsa ta ƙarshe yana kwance a rumfa, ba ya iya tashi, Dijatu tana gefensa tana yi masa fifita, ita ma ta tsufa har ta rankwafa. Iska ta ɗan motsa daga kudu. Ya buɗe ido.

"Dije," ya ce, "yanzu haka Gaya an yi shuka."

"Allah shi ba su albarka," in ji ta.

"Da za ki ɗan buɗe tukunyar nan..."

Ta yi tsaki, ta ajiye maficin, ta dafa bango ta tashi. Ta shiga ɗaki ta jawo tukunyar irin har bakin ƙofa inda zai iya ganinta, ta zauna a kai, ta jawo maficin ta ci gaba da yi masa fifita daga can.